Gasannin Ƙungiyar Noma a Sakandaren Birnin Kano: Wacce Za a Ɗauka, Wacce Za a Bari

Malamin da aka damƙa wa ƙungiyar matasa manoma a sakandare yana da wasanni da gasanni birjik a gabansa, daga tseren buhu har kiwon kaji. Amma a cikin birnin Kano abu uku ne ke raba wadda za ta yiwu da wadda za ta watse a hanya: ruwan da makaranta take da shi, inda gasar ta faɗo a kalandar karatu, da kuma wanda zai leƙa wurin ranar Asabar da Lahadi. A auna kowace gasa da waɗannan ukun kafin a dubi daɗinta.

Kalandar ce ta fi yaudarar mutane. Damina a Kano tana kankama daga tsakiyar Yuni zuwa Satumba, ruwa kuma ya fi ƙarfi a Agusta, daidai lokacin dogon hutu. Masarar da aka shuka a ƙarshen Yuni, ko da mai saurin nuna ce ta kwana 80 zuwa 90, maimai da taki na biyu da tsaronta duk suna faɗawa cikin hutu ko dab da shi. Ɗalibai za su dawo su tarar ciyawa da awakin unguwa sun riga su girbi. Shi ya sa gasar noman hatsi, wadda ita ce ta fara zuwa zuciyar kowa, ba ta cikin waɗanda muke ba makarantar jeka-ka-dawo shawara a kai. Ga kuma 'yan aji shida da WAEC da NECO ke ɗauke hankalinsu tun daga Mayu har Yuli, ga watan azumi da ba a sa yaro gudu a rana a cikinsa.

Wasannin yini guda: na dariya da na gwaninta

Waɗannan su ne ke tara jama'a, kuma su ne mafi arha. Sai dai sun kasu biyu, bai kamata a haɗa su a ma'auni ɗaya ba.

Na dariya su ne tseren buhu, tseren baro, jan igiya da tseren ɗibar ruwa. Tseren buhu yana son babban buhun hatsi mai cin kwano arba'in, da fili mai yashi na mita 20 da aka tsince ƙaya da fasassun kwalabe. Buhun taki da ba a wanke ba yana sa ƙaiƙayi, wanda aka taɓa zuba maganin ƙwari a ciki kuwa kada a kusance shi. A tseren baro, a ɗora buhun yashi mai nauyin kilo 20, ba mutum ba, a jera robobi biyar a zagaye su, duk wanda buhunsa ya faɗi ya koma farko. Ga 'yan mata, a tabbatar an tattare bakin hijabi kada ya shiga taya. Jan igiya ya fi kowanne haɗari duk da ana ganinsa kamar ba komai: siririyar igiyar roba tana tsinkewa ta zabgi fuska, yaron da ya naɗe igiya a hannu kuma yana iya rasa fata ko ya goce yatsa. In babu kakkaurar igiya mai cika tafin hannu, a bar shi.

A cikin huɗun nan tseren ɗibar ruwa ne kaɗai yake koyar da wani abu. Rukuni mai mutum shida, bokiti ɗaya, tazarar mita 15 tsakanin duro da jarka, minti biyar. Ba wanda ya fi sauri ne ke ci ba, wanda jarkarsa ta fi yawan lita ne, saboda haka mai gaggawa da ke zubar da rabin bokiti a hanya shi ne a ƙasa. In an gama, ruwan ya tafi gindin bishiyoyin makaranta.

Na gwaninta sun fi ɗaukar shiri amma su ne suka cancanci kofi. Gasar fitar da fili da shuka bisa tazara ita ce gaba. A ba kowane rukuni igiya mai mita 12, turaku huɗu, tef ɗin awo da fartanya. Aikin farko su fitar da kusurwa miƙaƙƙiya ta hanyar naɗa igiyar mita 3, mita 4, mita 5. Daga nan su auna fili mita 3 da mita 5, su ja layi huɗu tazarar santimita 75, su yi ramin shuka kowane santimita 25. Wanda ya yi daidai zai fito da rami 80, wato lissafin tsiro 53,333 a hekta da ake koyarwa a aji ga masara. Alƙali ya ƙirga ramuka, ya auna tazara goma da ya ga dama, duk wadda ta kauce da fiye da santimita 3 a rage maki ɗaya. Inda ƙasa take da laushi ana iya ƙara huɗa: kunya biyu masu tsawon mita 5, a duba miƙewa da daidaiton tsayi. Da rani ƙasar haraba tana ƙeƙashewa, sai an jiƙa ta tun daren jiya, in ba haka ba ƙotar fartanya ce za ta karye. A bar mita 2 tsakanin mai fartanya da ɗan'uwansa. Lauje da adda ba sa shiga duk wasan da ake ƙirga lokaci.

Ɓarar gyaɗa da bakace ba sa buƙatar fili ko kaɗan, tabarma ta isa. Gyaɗa giram 500 ga kowane mutum, minti biyar, a auna tsabar da ba ta fashe ba kawai. Daga baya a ƙarasa ɓarewa a raba nauyin tsaba da na gyaɗar da ɓawonta, yara su ga da idonsu cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na buhun da aka saya ɓawo ne. A bakace kuwa, a gauraya kwano ɗaya na gero da ƙaiƙayi da ƙananan tsakuwoyi 20 da aka ƙirga, a ba da faifai. Maki yana kan tsabar da aka dawo da ita da tsakuwar da aka fitar. Kada a ɗauka 'yan mata duk sun iya bakace ko samari duk sun iya huɗa. Yaran birni da yawa ba su taɓa riƙe ko ɗaya ba, a ba su darasi ɗaya na gwaji kafin ranar. Masu asma su nisanci ƙurar ƙaiƙayi, masu sikila kuma a ba su agogo da takardar maki, wanda shi ma aiki ne babba.

Teburin ganewa ko kacici-kacici

Mutane sukan ɗauka abu ɗaya ne, alhali sakamakonsu ya bambanta ƙwarai. Kacici-kacici ba ya cin kuɗi, aji ɗaya da allo sun isa. Rauninsa shi ne yara uku masu hadda ne ke amsa komai, saura arba'in 'yan kallo. Hanyar gyara shi ita ce a cire tambayoyin "mene ne ma'anar kaza" a sa lissafin gona da rukuni zai zauna ya yi a takarda cikin minti uku. Misali: buhun takin NPK 15-15-15 mai kilo 50, wanda kashi 15 cikin ɗari nasa naitirojin ne, kilo nawa na naitirojin ke ciki? Amsa 7.5. Buhun yuriya mai kashi 46 cikin ɗari fa? Amsa 23. In ana son kilo 120 na naitirojin a hekta, an riga an zuba buhu 8 na NPK, yuriya nawa ta rage? Buhu takwas sun ba da kilo 60, saura 60, wato kimanin kilo 130 na yuriya. Tambaya irin wannan tana sa ɗan da mahaifinsa ke noma a Kura ko Bunkure da ɗan da ya iya lissafi su buƙaci juna.

Teburin ganewa ya fi shi ta kusan kowace fuska, in aka ɗauke wahalar tara kaya. Ana jera abu 20 a kan bencina, kowanne da lamba. Ɗalibai 20 suna tsayawa, kowa gaban abu ɗaya da zai gane, malami ya busa usur duk bayan daƙiƙa 45 su matsa gaba. Zagaye ɗaya minti 15 ne, ke nan cikin awa ɗaya an gwada yara 60 har da sauyin rukuni, kuma babu wanda ya ɓuya bayan wani. Ga shi irin aikin da ke jiransu ne a jarrabawar gwaji ta aikin gona a WAEC da NECO, shi ya sa ake raba makin kowane abu: rabi ga suna, da Hausa da Turanci, rabi ga amfaninsa ko ɓarnarsa.

Kayan iri ana samunsu a safiya ɗaya a Dawanau ko Kasuwar Rimi, cikin tafi ɗaya-ɗaya: gurjiya, riɗi, waken suya, alkama, acca, kaura, farfara, irin zoɓo, shanshera, guryar auduga. Kada a sa gero da maiwa gefe da gefe a matsayin tsaba, manya ma suna gardama a kai. Kayan aiki a aro: garma, sungumi, magirbi, lauje, manjagara. Ciyayi suna nan a bayan katangar makaranta, ƙarangiya, aya-aya, kiri-kiri, tafasa, harkiya, da damina kuma wuta-wuta daga gonar dawa. Matsalarsu yaushi. Wadda aka tuge jiya da yamma ta zama tsumma kafin ƙarfe goma, saboda haka ko a tuge da asuba a naɗe saiwar da jiƙaƙƙiyar jarida, ko a danne ta tsakanin takardu mako biyu kafin ranar ta bushe a shimfiɗe. Ƙwari a sa su a kwalba mai murfi da ɗan sifirit: ƙwaron wake tare da waken da ya huda, gara, fara, darɓa a jikin ganye, da tsutsar masarar nan da ta ɓulla a Najeriya a 2016. Ganyen tumatir mai farin zane a ciki, aikin tsutsar da manoman Kano ke kira sharon, wadda ta yi wa tumatir mummunar ɓarna a shekarar, yana daga abubuwan da suka fi jawo muhawara a tebur.

Abu biyu na tsaro. Irin shuka na leda da aka rina ja ko ruwan hoda an cuɗa shi da magani mai guba, kada ya hau teburin da yara ke iya jefa gyaɗa a baki. Taki kuma a rufe shi a kwalba, musamman yuriya da ke jan danshi ta dunƙule.

Akwai ƙaramar gasa da ke tafiya da wannan, ta gwajin tsiro, wadda mako ɗaya take ci kuma ruwan buta ɗaya ya ishe ta. Kowane rukuni ya karɓi ƙwayar wake ɗari-ɗari daga wuri uku: na kasuwa, ingantaccen iri na leda, da tsohon wake da ya shekara. Su fara rubuta hasashen nawa zai tsiro a kowanne, sannan su jera a jiƙaƙƙen tsumma, su naɗe, su ajiye a inuwa, suna yayyafa ruwa kullum. Ranar bakwai a ƙirga. Wanda hasashensa ya fi kusa shi ya ci. Irin da ya ba da 85 zuwa sama mai kyau ne. In ruwa ya yi yawa wake zai ruɓe ya yi wari, in tsumman ya bushe a ƙarshen mako duk aikin ya tashi, don haka ranar Juma'a a sa naɗin cikin leda a bar bakinta a buɗe.

Fangali ko buhu

Nan ne ƙashin bayan ƙungiya yake. Gasar da yaro zai shuka, ya yi ban ruwa, ya ga ƙwari sun far masa, ya girbe ya ɗora a sikeli, ita ce ke raba ƙungiyar noma da ta wasanni. Tambayar ita ce a ƙasa za a yi ko a buhu.

Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3 ya ishi rukunin mutum biyar. Faɗin kada ya wuce haka, don hannu ya kai tsakiya ba tare da an taka ba. A bar hanyar santimita 50 tsakani. Da rani a yi shi mai zurfi da ɗan gefe don ya riƙe ruwa, da damina a tayar da shi kamar santimita 15 don kada ruwa ya kwanta. Kowane fangali ya sami bokiti ɗaya zuwa biyu na ruɓaɓɓen taki, a cuɗa da ƙasa mako ɗaya kafin shuka. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona tsiro, kuma shi ne dalilin da ya sa fangali yakan fito ya mutu cikin kwana uku a ɗora wa iri laifi.

Lissafin ruwa shi ne ke yanke magana. Kowace murabba'in mita tana shan kimanin lita 5 a yini da sanyi, ta haura 7 da bazara. Fangali ɗaya lita 15 ke nan, fangali goma lita 150, wato jarka shida mai lita 25 kullum, har da ranakun da babu makaranta. Inda akwai rijiyar burtsatse da tanki wannan ba komai ba ne. Inda ake sayen ruwa wurin 'yan garuwa, kuɗin ruwan mako shida zai iya fin kuɗin ganyen. Ruwan kwata ko na kogin Jakara ba zaɓi ba ne ga ganyen da yara za su kai gida, balle latas da ake ci ɗanye. Abin da makarantu da yawa suke da shi ba su lura ba shi ne ruwan alwala na masallacin makaranta, wanda in aka karkatar da magudanarsa zuwa duro zai riƙe buhuna masu yawa.

Buhu ya fi dacewa da harabar da aka shafe da siminti ko wadda ƙasarta ɓaraguzan gini ce. A sami buhun shinkafa mai kilo 50, a naɗe bakinsa ya koma tsayin santimita 40, a huda gindinsa wuri takwas zuwa goma. A cika da ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. In ƙasar laka ce a ƙara yashi kashi ɗaya, in jigawa ce ba sai an ƙara ba. Buhu ɗaya yana ɗaukar latas uku ko huɗu, ko kuɓewa biyu, ko alayyafo a watse, yana shan lita 2 zuwa 3 a yini. Amfaninsa babba: ana iya ɗauke shi a kai kusa da ɗakin maigadi ranar Juma'a, kuma duk rukuni ƙasa iri ɗaya suka samu, babu mai cewa an ba shi wuri mara kyau. Aibinsa shi ne yana saurin bushewa, siminti mai zafi yana dafa saiwa in ba a ɗora shi a kan bulo ba, rana kuma tana cinye buhun cikin 'yan watanni ya yage in an ɗaga. Girbinsa ma kaɗan ne, sai an ba kowane rukuni buhu uku aƙalla kafin sikeli ya nuna bambanci mai ma'ana.

Me za a shuka? Alayyafo ne ya fi dacewa da zangon karatu, domin yana tsirowa cikin kwana uku zuwa biyar, a tuge shi a mako na huɗu ko na biyar. Irinsa ƙanana ne ƙwarai. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya ya ishi fangali, a gauraya shi da yashi ninki goma, a zuba a layi tazarar santimita 20, a rufe da ƙasa sama-sama. Yara sukan binne shi da zurfi ko su kwara masa ruwa da bokiti ya tattaru a kusurwa ɗaya, don haka a huda gindin gwangwani da ƙusa a riƙa yayyafi da shi. Alayyafo yana son ɗumi, da tsananin hunturu yakan tsaya cak. Disamba zuwa Fabrairu lokacin latas ne: mako uku zuwa huɗu a reno, a dasa da yamma tazarar santimita 25 zuwa 30, a cire bayan mako huɗu ko biyar. In aka makara ya shiga zafin Maris zai yi tsiri ya yi ɗaci. Tumatir da attaruhu suna wuce zango ɗaya, ga cututtuka, a bar wa shekara ta biyu.

Maƙiyan fangali a birni ba ƙwari ne kan gaba ba. Awaki ne, da kajin maƙwabta, da ƙadangaru masu tsinke tsiro tun yana ganye biyu. Tsohon gidan sauro da aka ɗaura a kan turaku yana maganin biyun ƙarshe, akuya kuwa sai shinge ko katanga. Feshin maganin ƙwari kada ya shiga hannun ɗalibai sam. Tsince tsutsa da hannu da ruwan jiƙon ganyen darbejiya sun isa ga ganyen wata ɗaya.

Rigimar wannan gasa kullum a wajen maki take. A raba fangali da ƙuri'a a gaban kowa, domin na kusa da famfo da na ƙarƙashin inuwa ba ɗaya ba ne. Nauyin girbi kada ya wuce maki 40 cikin 100. A ba littafin aiki 25, wato ranar shuka, ranar tsiro, litar ruwa, abin da ya ɓaci da abin da aka yi masa. Tsabtar wuri 15, bayani da baki a gaban alƙalai 20, kuma alƙali ne zai nuna wanda zai yi magana, ba rukuni ba. Da wannan rabon, rukunin da akuya ta yi wa ɓarna bai fita daga gasa ba, wanda kuma ya zo da yuriya a aljihu ya barbaɗa a ɓoye bai ci da nauyi kaɗai ba. Ranar awo a tuge duka da safe a lokaci ɗaya, a yanke saiwa, a hana jiƙa ganye kafin ya hau sikeli.

Kiwon kaji ko duba rago

Kiwon kajin nama shi ne ya fi burge shugaban makaranta da iyaye, kuma shi ne ya fi jefa malami cikin bashi. 'Yan tsaki 50 da aka raba wa rukuni biyar za su ci kimanin kilo 4 zuwa 4.5 kowanne cikin mako shida, kusan buhu 9 mai kilo 25. Makon farko suna son ɗumin digiri 32 zuwa 35 dare da rana, ma'ana wani zai kwana yana duba gawayi ko fitila. Ga rigakafin cutar Gumboro da na cutar Newcastle, wato Lasota, a kan lokaci bisa tsarin likitan dabbobi, maganin kuma in ya rasa sanyi a hanya ya zama ruwa. Da suka girma lamarin ya juye, zafi ne ke kashe su, shi ya sa Maris zuwa Mayu ba lokacin wannan gasa ba ne a Kano. Murabba'in mita ɗaya kada ta ɗauki fiye da kaza takwas. Ana yanke hukunci da raba abincin da aka ci da nauyin da aka samu, wanda ya sami kilo ɗaya na kaza da abinci ƙasa da kilo biyu ya yi ƙoƙari. To amma a rukunin kaji goma, mutuwar ɗaya tal tana birkita sakamako, sau da yawa kuma ba laifin yaran ba ne, daga wurin ƙyanƙyasa aka zo da raunin. In cuta ta shiga ɗaki ɗaya kuwa ta shiga duka. Makarantar kwana mai ma'aikacin gona na dindindin za ta iya, tsakanin Oktoba da Disamba. Jeka-ka-dawo ta haƙura, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Duba rago yana ba da ilimin dabba ba tare da an ɗauki nauyin ranta ba. A aro raguna huɗu na awa uku, a ɗaure su nesa da juna, kowanne da mazubin ruwansa don gudun yaɗa cuta, a rataya musu lamba. Ɗalibi zai faɗi jinsi: Balami fari ne, dogo, mai lanƙwasasshen hanci da dogayen kunnuwa. Uda gabansa baƙi ko ja, bayansa fari. 'Yankasa matsakaici ne, fari mai baƙi a ido da baki da kunne. Sai shekaru ta haƙori. Rago ba shi da haƙoran gaba a sama, takwas ne a ƙasa. Manya biyun farko suna fitowa tsakanin shekara ɗaya da ɗaya da rabi, huɗu wajen shekara biyu, shida wajen uku, takwas wajen huɗu. Sai lafiya: a janye fatar ido ta ƙasa, in ta yi fari fat akwai ƙarancin jini, yawanci daga tsutsar ciki. A duba majina, zawo a gindi, kofato, a shafa gadon baya a ji nama. Sai ƙiyasin nauyi da tef ɗin tela: zagayen ƙirji bayan ƙafafun gaba a ninka shi da kansa, a ninka da tsawon jiki daga kafaɗa zuwa ƙashin gindi, duk da santimita, a raba da 10,840. Ƙirji 80 da tsawo 70 zai ba da kimanin kilo 41. Ƙiyasi ne, amma yana kusa. A ƙarshe kowa ya jera ragunan daga na ɗaya zuwa na huɗu ya kare jerinsa cikin minti biyu. Gogaggen dillali daga kasuwar dabbobi ta Unguwa Uku yana yin alƙali mai kyau a nan in an haɗa shi da malamin dabbobi. Dab da Babbar Sallah masu raguna ba sa son a yi ta taɓa musu kaya, a nemi wani lokacin.

Alƙalai, kyauta, da zaɓin ƙarshe

Malamin ƙungiya kada ya yi alƙalanci, ko da adali ne za a ce ya fifita 'yan ajinsa. Mutum uku sun isa: malamin gona daga KNARDA, hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta jihar Kano, wani daga Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Bayero ko Kwalejin Audu Bako ta Dambatta, da manomin lambu na gaske. A rubuta takardar gayyata ta ofishin shugaban makaranta mako uku kafin ranar, a haɗa da takardar rabon maki. A liƙa irin wannan takarda a allon sanarwa tun ranar da aka fara gasa. Kyauta ta zama abin aiki, fartanya, ledar iri, tef ɗin awo, tare da naɗin Sarkin Noma ko Sarauniyar Noma ta zango. Ganyen a sayar wa malamai, a rubuta kuɗin a littafin ƙungiya, shi ne jarin iri na zango mai zuwa.

Makarantar da ke cikin ganuwa, babu fili babu famfo, ta ɗauki teburin ganewa da gwajin tsiro, ta ƙara buhuna 15 in ruwan alwala zai riƙe su. Mai katanga da burtsatse ta ɗauki fangalin alayyafo, ta sa wasannin yini guda su faɗo ranar girbi don iyaye su zo su ga sikeli. Makarantar kwana ta yi waɗannan, ta ƙara duba rago, ta jinkirta kaji sai ƙungiya ta shekara tana aiki. In yini ɗaya tal aka ba ku, ku yi teburin ganewa da safe, shuka bisa tazara da bakace kafin azahar, tseren buhu a ƙarshe.

Ga zangon farko, tsarin da ke zama daidai shi ne: mako na biyu a raba rukuni a yi ƙuri'a, na uku a gyara fangali a zuba taki, na huɗu a shuka, na shida a yi teburin ganewa yayin da ciyayin damina ba su gama bushewa ba, na takwas ko na tara a girbe a auna, tun kafin sanyi ya tsayar da alayyafo kuma da sauran mako biyu kafin jarrabawa.